Rami na Goma Sha Biyu

"Yallaɓai, na faɗa maka an rufe," in ji matar da ke bayan kanta. "Yau ko agwagwa ce ta zo da sandunanta, sai dai ta koma gida."

Wendell Pruitt bai yi dariya ba. Ya sake tura mata takardar da ya adana tun watan Afrilu: Asabar, ƙarfe takwas da minti goma, mutum huɗu, keken golf biyu. Da hannun hagu ya tura ta. Na daman yana cikin aljihun rigar sanyinsa, inda ya tare tun watan Mayu.

"Ruwan zai ɗauke," ya ce. "Na duba a waya. Ƙarfe goma zai tsagaita."

"Ko yanzu ya ɗauke, rami na huɗu da na biyar sun zama tafki. Gadar rafin ma ba a ganinta."

"To mu fara daga na goma. Ba za mu sauke keken daga kan siminti ba, na yi miki alkawari."

"Yallaɓai..."

"Rami uku kawai. Goma, sha ɗaya, sha biyu. Daga nan mu dawo."

A bayansa Royce Maddox ya zunguri ƙanensa Dewey. "Kai, wai Wendell ne yake ja-in-ja da mutum? Wendell ɗin da aka taɓa kawo wa abincin wani teburi, ya cinye ya ce an gode?"

"Ruwa ne ya shiga kansa," in ji Dewey. Yana rungume da wani buhun raga cike da tsofaffin ƙwallaye, sun fi talatin, duk sun yi rawaya. Tun jiya da suka baro gida yake yawo da shi kamar jariri.

Hollis Tate ya dafa kafaɗar Wendell. "Mutumina, ƙyale baiwar Allah. Ba ita ta saukar da ruwan ba."

Matar ta buga hatimi a kan katuna huɗu, ta ce suna iya dawowa da su kowace rana kafin shekara ta zagayo. Wendell ya karɓa bai duba ba. Ta tagar da ke bayanta yana hango filin golf ɗin, kore shar, ruwa na sauka a kansa a karkace, ga kekunan a jere a ƙarƙashin rumfa an ɗaure su da sarƙa.

Shekara ashirin da shida ke nan suna wannan tafiya. Su huɗun a jami'ar garin nan suka haɗu, kuma tun da suka gama, duk watan Oktoba sai sun yi tuƙin awa biyar sun dawo cikin duwatsun nan sun buga rami goma sha takwas. 'Yan Maddox a keke ɗaya, Wendell da Hollis a ɗaya. Ba a taɓa canzawa ba.

Mazan wajensu ba sa zaunar da juna su ce akwai magana. In ka yi wa mutum haka, sai ya fara duban ƙofa. Amma a keken golf kafaɗa da kafaɗa ake zama, kowa na kallon gabansa. Sannan ga rami na goma sha biyu, can bayan tudu, nesa da titi, tafki a hagu, kurmi a dama. Ba a taɓa yin shekarar da ɗaya daga cikin 'yan Maddox bai jefa ƙwallonsa cikin kurmin ba, kuma ba sa haƙura. Sai su shiga su biyu suna bubbuga ciyawa suna zagin juna har minti goma. A cikin minti goman nan ne Hollis ya taɓa cewa, "Carol ta kwashe kayanta." A cikinsu ne Wendell ya ce mahaifinsa ya daina gane shi. Mutum ya faɗi nasa, ɗayan ya ce, "To," a yi shiru, sannan wani ya sauka ya zaro sanda. Shi ke nan an yi magana.

Wendell ya shirya tasa. Jimla uku ce, ya haddace su a shagonsa yana yanka wa mutane makullai: Na je wurin likita. Cutar Parkinson ce. Ba yau zan mutu ba, saboda haka kar ka fara.

Da son ransa ne, da ya bari sai baɗi. Matarsa Lorraine ce ta ƙi. Jiya da safe, tana cusa masa safa a jaka, ta ce, "Wata biyar ina yi wa mutane ƙarya saboda kai. Ran Lahadi yayar Hollis ta tambaye ni me ya sa ka daina raba kofunan Jibin Ubangiji, na ce bayanka ke ciwo. A cikin coci, Wendell! Ko ka faɗa wa Hollis da bakinka a tafiyar nan, ko ran Litinin in ɗaga waya in faɗa masa da nawa."

Ba ya so Hollis ya ji ta waya, daga bakin wani, kamar sanarwar rasuwa.

Suka tsaya a gidan abincin bakin hanya. Wendell ya ce a zuba masa kofi, amma iya rabi, ya ɗauka da hagu.

"Da ma yau na yi niyyar lallasa ku," in ji Dewey, bakinsa cike da ƙwai. "Sai dai Wendell ba ya ciyuwa yanzu, ya yi ubangida. Kun tuna bara? Ƙwallonsa na nan, rami na can wajen ƙofar banɗaki, sai ka ji Hollis: 'Ɗauka, an ba ka.'"

Al'adarsu ce, in ƙwallon mutum ya tsaya dab da rami, abokan wasa su yafe masa bugun ƙarshe. Kowa ya san Hollis da rowar wannan kyauta.

"Hollis fa!" Dewey ya ci gaba. "Ni shekara ashirin da biyar, ko ƙwallona ya leƙa ramin yana gaida na ciki, sai ya ce in buga ya gani. Amma Wendell..."

Wani abu ya bugu a ƙarƙashin teburin. Dewey ya ce, "Wash!" ya harari yayansa.

"Tsufa ne," Hollis ya ce, yana shafa wa burodi man shanu. "Zuciya ta yi laushi."

Wendell bai bi ta kansu ba. Yana tunanin cewa in suka koma masauki, 'yan Maddox barci za su yi, shi kuma ya ce Hollis ya raka shi shan mai. A mota ma ai kafaɗa da kafaɗa ake zama.

"Mu koma masauki mana," ya ce. "Kowa ya ɗan miƙe bayansa."

Amma Royce ya riga ya ɗaga wayarsa sama kamar wanda ya kamo kifi. "Surukina ya ce ba zai zauna cikin ruwan nan ba ko da 'yarsa ce alƙalin wasa. Ya bar mana kujera huɗu a filin ƙwallon jami'armu, jama'a! Ƙarfe goma sha biyu ake take ƙwallo. Da mutanen ƙetaren kogi za mu kara."

"A ruwan nan?" in ji Wendell.

"Ka ji shi! Kai da ɗazu kake roƙon a bar ka ka je iyo a rami na sha biyu?"

Hollis ya ɗan dubi Wendell, kamar zai ce wani abu, sai ya ɗaga kafaɗa. "Shekara nawa rabonmu da shiga filin nan tare? Mu je kawai."

Kullum Wendell ke tuƙi, a tsohuwar motarsa mai kujera layi uku da ya ƙi rabuwa da ita. Tuƙi bai dame shi ba. In hannun ya kama sitiyari sai ya natsu. Sai an bar shi ba aikin yi yake fara rawarsa, babban yatsa na murza na kusa da shi ba ji ba gani.

Mil uku ya ci musu awa guda. Royce na ba da hanya daga baya, Dewey na ƙaryata shi, gilashi ya yi hazo, na'urar share ruwa na ƙugi. Daga ƙarshe suka ajiye motar a wani fili bayan coci, tayoyin suka nutse cikin taɓo har rabi. Ko'ina rumfuna ne, kowa ya buɗe bayan motarsa ya baje abinci, hayaƙin gashi na fama da ruwan sama. Tsoho da jariri, kowa cikin ja, launin ƙungiyar jami'ar.

"Hollis, zo ka raka ni mu sayo rigunan leda," Wendell ya ce.

Suka sayo huɗu, suka juyo ta gefen ɗakin karatu, inda hanyar ta ɗan yi shiru. Suna tafe a jere, kowa na kallon inda zai sa ƙafa. Wendell ya ga wannan ma ba laifi. Ba rami na sha biyu ba ne, amma ba laifi.

"Hollis."

"Na'am."

"Watan Mayu na je wurin..."

Sai ga 'yan badujalar jami'a sun ɓullo daga bayan ginin, mutum ɗari uku cikin jajayen kaya, ganguna a gaba, ƙahoni a baya. Ƙasa ta ɗauki rawa. Mutane suka fito daga rumfuna a guje suna tafi. Wendell, tun da ya riga ya buɗe baki, sai ya ƙarasa. Ya faɗi jimlolin nan uku daga farko har ƙarshe, ko shi kansa bai ji muryarsa ba. Hollis kuwa yana can yana bin waƙar makaranta, ya ɗaga rigunan leda sama kamar tuta.

Da suka wuce, ya juyo yana haki. "Me ka ce ɗazu?"

Wendell ya dube shi. Ga mutane sun cika hanyar, wata yarinya na ƙoƙarin manna musu takarda a ƙirji.

"Na ce ledar nan ba za ta shige ka ba."

"Ka ji ɗan rainin hankali," in ji Hollis, ya yi dariya ya shafa tumbinsa.

Kujerun suna can layi na hamsin da biyu, ba rufi, benci ne na ƙarfe mai sanyi kamar ƙanƙara. Hollis ya fara shiga, Royce ya bi shi, sai Dewey. Wendell ya tsaya sayen abin da ba ya so don kada a ga yadda yake hawa matakala, sai ya samu kansa a ƙarshe, mutum biyu tsakaninsa da Hollis.

"Dewey, ku matso nan, ni in koma can."

"Don me?"

"Ba na gani sosai daga nan."

"Taku biyu ne fa tsakani." Amma ya fara miƙewa yana gunaguni. Bai gama miƙewar ba filin ya fashe da ihu: wani ɗan wasansu, rungume da ƙwallo kamar yadda ake yi a ƙwallon Amurka, ya sulale ta tsakiya ya faɗa bayan layi, taɓo har kunne. Maki shida. Dewey ya koma ya zauna daram.

"Ba inda za ni. An ci muna zaune a haka, a haka za mu zauna."

"Haba Dewey. Injiniya ne fa kai."

"Digirina bai taɓa ci mana wasa ba. Zama ya sha ci."

"Gaskiyarsa," in ji Royce. "Kowa ya riƙe wurinsa."

Wendell ya zauna. Ruwa ya bi ta wuyan ledar ya gangara bayansa.

A filin nan akwai abin da kowane yaro ya tashi da shi. Ƙungiya yunƙuri huɗu take da shi ta ci yadi goma, kuma na ukun ne mai zafi, don in ta kasa a nan, yawanci sai ta sallama ƙwallo. To duk lokacin da baƙi suka zo yunƙuri na uku, mutum dubu sittin sai su zaro makullansu su kaɗa a sama, har 'yan wasan baƙi su kasa jin umarnin jagoransu. In kuwa ƙwallon ya dawo hannun 'yan gida, sai a yi tsit kamar ana addu'a.

Makullan Wendell sun yi suna tun suna ɗalibai. Zobe ne kamar awarwaro, makulli kusan arba'in, yana rataye a ɗamararsa ta dama. Ƙararrawa suke kiransa.

"Ina ƙararrawa?" Dewey ya tambaya a yunƙuri na uku na farko, yana kaɗa nasa guda biyu.

"Tana ƙarƙashin leda."

"Ciro ta mana."

"Sai na tuɓe gaba ɗaya. Bari na gaba."

Na gaban ya zo, ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi. Likita ta faɗa masa sanyi na ƙara abin, ɓacin rai ma haka, yau kuwa ga su duka biyun. Hannun na cikin aljihu yana dukan cinyarsa kamar tsuntsun da aka rufe a kwali.

Kafin hutun rabin lokaci baƙi sun wuce gaba. Royce ya miƙe ya yanke hukunci. "Zaman nan ya lalace. A juya."

Aka juya. Wendell ya samu Hollis a damansa, Dewey a hagu. Abin da ya nema tun safe ke nan, kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallon gaba. Sai dai a keken golf babu mutum dubu sittin.

Ya karkata zuwa kunnen Hollis. "Ka ji..."

"Makaho! Alƙalin nan makaho ne! Wendell, ka gani? Ka ga yadda ya riƙe masa riga?" in ji Hollis.

"Na gani."

Ya bari aka ɗan lafa, ya sake gwadawa. Sai lasifikar da ke saman kansu ta fara sanar da mai wata farar mota cewa ya bar fitila a kunne. Karo na uku, mai sayar da gyaɗa ya miƙo leda ta gabansu, aka ce su miƙa gaba.

Wayarsa ta yi motsi. Lorraine ce: Kun kai sha biyun? Ba ta ma san an yi ruwa ba. Ya mayar da wayar bai amsa ba.

Haushi ya cika shi har wuya. Haushin ruwan, haushin matar bayan kanta da agwagwarta, haushin Lorraine da ta fi shi gaskiya. Ya hango Litinin ƙarara. Hollis zai ɗauki waya a ofis, Lorraine za ta fara da ƙarfin hali ta ƙare da kuka. Da rana Hollis zai shigo shago, ya juya allon ƙofa zuwa "an rufe", ya jawo kujera ya zauna a gabansa, fuska da fuska, da irin kallon da ake yi wa mutum a gadon asibiti. Daga ranar kuma ba zai ƙara ce masa ɗan rainin hankali ba.

Saura minti uku a tashi, baƙi na gaba da maki biyu, ƙwallo a hannunsu, yunƙuri na uku. In suka wuce wannan, wasa ya ƙare. Filin gaba ɗaya ya miƙe.

Dewey ya cafki ledar Wendell. "Sau shida suna wucewa a na uku, sau shida kana tsaye kamar gunki. Kai kaɗai a layin nan! Na rantse in muka faɗi, kai ne."

"Bawan Allah, ciro makulli mana," wata tsohuwa ta ce daga baya. "Ko a ƙafa ka zo?"

Wendell bai san lokacin da ya yaye ledar ba. Ya fizgo zoben daga ɗamara da hannun dama, don a nan yake, ya ɗaga shi sama ya kaɗa da duk haushin da ya tara tun ƙarfe takwas da minti goma.

"Yawwa!" Dewey ya yi ihu. "Ƙararrawa ta fito!"

Ƙarar ta rufe filin kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Wendell ya dubi hagu da dama. Hannuwa ne ko'ina, dubu sittin, duk suna rawa. Rabon da hannunsa ya yi kama da na kowa tun watan Mayu. Ya kaɗa, ya kaɗa, har ya ji yana ihu shi ma.

Jagoran baƙi ya ja baya da ƙwallo, santsi ya kwashe shi, jajaye uku suka danne shi. Royce ya rungume wani mutum da bai taɓa gani ba. Baƙi suka sallama ƙwallo, 'yan gida suka shigo, saura minti biyu da 'yan daƙiƙu. Jagoransu ya ɗaga hannu biyu ya sauke a hankali.

Filin ya yi tsit. Ba ka jin komai sai ruwa a kan leda.

Da makullan Wendell.

Ya sauke hannun a gefensa, amma hannun bai ji an ce a daina ba. Cakal, cakal, cakal, a hankali, ba fashi. Ya nemi aljihu, jiƙaƙƙiyar ledar ta manne ta rufe shi. Ya kai hannun hagu ya kama, yatsun sun sandare da sanyi, makullan suka zame suka ƙara ƙara.

Wani mai sanƙo a layin gaba ya juyo, jan fentin fuskarsa na zuba a haɓa. "Kai malam, ƙwallo a hannunmu yake! Ɗan wane gari ne kai?"

"Wendell, ya isa haka ma..." Dewey ya fara, ya dubi ƙasa, maganar ta tsaya masa.

Sai wani hannu, babba, mai sanyi, ya sauko ya rufe hannun Wendell da makullan gaba ɗaya. Ƙarar ta mutu. Hollis bai juyo ba. Idonsa na kan fili.

Aka buga, aka ci yadi huɗu. Wendell na jin hannunsa na motsi a cikin na Hollis.

"Na je wurin likita," ya ce a hankali, shi ma yana kallon fili. "Cutar Parkinson ce. Ba yau zan..."

"To," in ji Hollis.

Aka sake bugawa.

"Wata biyar ke nan," Wendell ya ce.

"Sha biyu."

"Me?"

"Wata goma sha biyu, in daga ranar da muka gani ne. Bara, a rami na uku. Royce ne ya fara lura." Hollis ya share ruwa daga girarsa da ɗayan hannun. "Kana zaton don kirki nake ce maka ɗauka, an ba ka, daga taku shida? Ni?"

Wendell ya ji fuskarsa ta ɗau zafi duk da sanyin. "Shekara guda. Kuna kallona ina ɓoye hannu a aljihu kamar ɓarawo, ba wanda ya ce uffan."

"Maganarka ce. Mun ce kai za ka faɗe ta, a sha biyu. Me kake tsammani buhun Dewey yake yi? Yau sun shirya su ɓace a kurmin nan har sai ka gama, ko da awa guda ce."

"Don Allah ku yi mana shiru!" in ji mai sanƙo.

A fili aka jefa ƙwallo doguwar jifa, wani ja ya kama ya faɗi da shi a ƙirji. Yadi ashirin. Ihu ya tashi ya sake kwantawa. Dewey ya fyace hanci da ƙarfi, ya dubi hannuwan nan biyu, ya dubi allon maki.

"Kar ka saki," ya ce da dasasshiyar murya. "Hollis, tun da ka riƙe shi muke ci gaba. In ka saki hannun nan, ni da kai ne."

"Kowa ya riƙe wurinsa," in ji Royce daga can ƙarshe, bai yarda ya dubi kowa ba.

Haka suka tsaya, maza biyu masu furfura a layi na hamsin da biyu, hannu cikin hannu, makulli arba'in a tsakani, har ƙwallo ya kai inda za a iya buga shi da ƙafa ta tsakanin turaku a ci maki uku. Saura daƙiƙa huɗu. Mai bugu ya fito, ya auna, ya taho a guje. Ƙafar da ya dogara da ita ta zame a taɓo. Ƙwallon ya tashi a karkace ya wuce ta hagun turakun, ko kusa bai yi ba.

Filin ya saki wani dogon nishi. Mutane suka fara sauka, kai a ƙasa. Hollis bai saki ba sai da layinsu ya kusa zama fayau.

Suna cikin tafiya zuwa mota ruwan ya ɗauke. Kafin su kai bayan cocin har rana ta leƙo, tana walƙiya a kan gilasan motoci.

"Dubi 'yar banza," in ji Royce, yana hararar sama. "Yanzu ta ga damar fitowa."

Wendell ya ciro waya ya rubuta wa Lorraine da babban yatsan hagu: Ya sani. Ya tsaya, ya goge, ya rubuta: Sun sani. Ya tura.

A bakin mota Royce ya yi gyaran murya. "In ka gaji, ni sai in..."

"Taɓa motar nan ka gani."

"Daga tayi?"

Suka shiga, kowa wurin da ya saba, Hollis a gaba. Motar ta cika da warin jiƙaƙƙen kaya. Wendell ya zaro katunan nan huɗu masu hatimi, sun jiƙe sun manne da juna, ya shimfiɗa su a gaban gilashi.

"In mun dawo," ya ce, "ba na son kyautar kowa. Ko ƙwallona na bakin rami, sai na buga shi ya shiga."

"Kwana za mu yi a filin ke nan," in ji Hollis.

"Mu kwana."

Ya ware makullin motar daga cikin arba'in ɗin, ya kai shi bakin ramin da ke gefen sitiyari. Makullin ya daki ƙarfe ya zame. Ya sake kaiwa, ya sake zamewa, sauran makullan na kaɗawa a ƙasa. Hollis na kallon cocin ta tagarsa. Royce ya duƙufa kan igiyar takalminsa. Dewey ya rungume buhun ƙwallayensa.

Ba wanda ya miƙo hannu.

A karo na huɗu makullin ya shiga.